Mai Ƙwarya a Bangon Shekara

Shekara ɗan magini ne, jikan magini, amma a zamanin ƙuruciyarsa in kana neman faɗa da shi, to ka kira shi magini. Nan take zai gyara zaman hularsa ya ce maka shi mai fenti ne, ya miƙo maka farcensa da shuɗi da ja suka maƙale a ciki, kamar wanda alƙali ya nemi shaida a wurinsa. Sai da ya manyanta sannan mutanen Matameye suka ji ana kiransa magini yana amsawa har da murmushi. Bango ɗaya ne ya sauya shi, kuma bangon gidansu ne.

Ubansa, Isufu, shi ne mai yi wa masu hali adon ƙofar gida, daga cikin gari har Kance da Yauri. Kayan aikinsa laka ce da yatsu da wani tsohon cokali da ya lanƙwasa. Tun yaɓe yana ɗanye zai fitar da dagi a saman ƙofa, da takobi, da ƙulle-ƙullen da ido ke bi ya rasa inda suka faro. Da zamani ya juya Alhazai suka fara neman keke da agogo da jirgin sama, ya yi musu, yana yi yana tsaki. In aiki ya bushe sai ya shafe shi da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da aka jiƙa har ya yi ja ya yi kauri, wanda ke hana ruwan sama cin bango. Mutum ne da magana ke yi wa tsada. An ce ya taɓa yin wata guda yana aiki a gidan wani attajiri, abin da maigidan ya ji daga bakinsa bai wuce sallama da "a ƙaro ruwa" ba.

Shekara ya tashi yana cuɗa laka da ƙafa, yana ɗaukar tulun makuba, kuma tun yana yaro ya tsani warinta. Da farin farko ya zo, na shekarar saba'in da uku, bai fi wata shida da aure ba. A shekarar da babu tuwo wa zai gina gida, ballantana ya yi masa ado? Sai ya bi samarin unguwarsu cin rani Kano. Waɗansu suka kama ga-ruwa, waɗansu gadi, shi kuwa ƙafa ta kai shi wani gareji inda ake yi wa manyan motoci jikin katako a zane su. Ran farko ya tsaya kallo. Ran na biyu ya riƙe wa mai zanen gwangwanin fenti. Kafin hadari ya fara haɗuwa har ya iya fitar da zaki mai gashin wuya, ko da yake direban farko da ya yi wa ya rantse zakin ya fi kama da tunkiyar da aka tsorata. Yana can, burushi a hannu, ya ji a rediyon masu gareji cewa soja sun karɓi mulki a gida, can ƙasarsu.

Shekara goma sha ɗaya haka rayuwarsa ta gudana, rani a Kano, damina a gona. Duk dawowa sai ya zo da gwangwanayen fenti a ƙunshe cikin buhu. Shi ya zana wa wanzami kawuna huɗu a allo, ya zana wa mai gyaran keke taya, ya rubuta wa masu kanti sunayensu da manyan baƙaƙe masu inuwa irin na jikin mota. Amma hannunsa yana da tsokana. Zamani ne da mutane ke waige-waige kafin su yi maganar hukuma ko ta masu kuɗi, shi kuwa sai ya gano ana iya faɗin magana a bango ba a buɗe baki ba. A jikin rumfar mai shayin tasha ya taɓa zana kura da jar dara tana awon hatsi da tiyar da aka buga wa gindi ya shige ciki. Bai rubuta sunan kowa ba. Amma akwai wani dillalin hatsi da ya yi wata guda yana zagayawa ta bayan kasuwa in za shi masallaci.

Isufu bai taɓa yaba aikin ɗansa ba. In ya wuce ta gaban wani allo da rana ta fara cin fentinsa, sai ya ce, "Abin da ke ɓarewa a shekara biyu ba aiki ba ne, kwalliyar sallah ce."

Shekara kuma ya ce, "Baba, ai naku zamanin ya wuce. Wa ke son launi ɗaya, launin ƙasa, ga shuɗi ga kore?"

A lokacin sanyin ƙashi ya riga ya murɗe wa tsohon yatsu, ya ajiye cokalinsa, ya koma zama a zaure bisa buzu daga safe har yamma, yana kallon mai shiga da mai fita.

Matar Shekara sunanta Fadima, 'yar Dungu, gajeruwa mai saurin tafiya. Ba a taɓa ɗaukar ta hoto ba. Mai hoto ya taɓa zuwa unguwar ran sallah, ta ce ita kunya take ji, ta shige ɗaki. Shi kuma da ya zana zakuna sun fi ɗari bai taɓa tunanin zana ta ba, don wa ke zana matarsa? Tana nan kullum. Tafiyarta kowa ya san ta a unguwa: ƙwarya a ka, hannun dama riƙe da bakin ƙwaryar, na hagu a bayanta kamar tana tallafe goyo ko da babu goyon, zaninta kuma kullum gefe ɗaya ya fi sauka, ko sau nawa ta gyara. In za ta ratsa zaure sai ta tuɓe takalmi, ta durƙusa can gefe, ta kau da fuska ta gaida surukinta da murya ƙasa-ƙasa, sannan ta miƙe ta fice da sauri. 'Ya'ya biyu suke da su a raye.

Sai shekarar tamanin da huɗu ta zo. Ruwa ya sauka sau biyu ko uku, aka yi shuka, ta mutu, aka sake. Gero ya kai gwiwa ya tsaya, ya ƙone a tsaye. Fadamun da ake noman rake suka tsattsage, rijiyoyi suka ja ƙasa har sai an ƙulla igiya da igiya. Abin da aka saba, in gona ta ƙi sai maza su tsallaka kudu su aiko da abin sa wa a tukunya. To wannan karon sojan can ƙetare sun rufe iyaka, ana kuma tsintar baƙi a birane ana korarsu. Waɗansu sun bi ta daji duk da haka. Shekara kuwa maigidansa na gareji ya aiko masa da saƙo cewa ya zauna tukuna, aiki ya tsaya. Ya zauna, karo na farko cikin shekara goma sha ɗaya, yana ganin rani a gida da idonsa.

Da rumbu ya ƙare mata suka koma ga anza, 'ya'yan wani ɗan itacen daji masu tsananin ɗaci. Ba a cin anza sai an jiƙa ta kwana da kwanaki ana zubar da ruwan ana sake wani, har dafin ya fita. Kullum da hantsi Shekara yana ganin matan unguwa a jere sun nufi dajin wajen Tsauni, Fadima ce ta ƙarshen fita don sai ta sallami yara. Ruwa ya yi wuya, jiƙon ba ya samun canjin da ya kamata. Ɗan geron da ake samu ta hanyar sayar da wannan da wancan, ita sai ta dama kunu ta ba yara da tsoho da maigida, in an ce ita fa, ta ce ta riga ta sha a madafi. Ashe daga tukunyar anzar da ba ta gama jiƙuwa ba take ci. Bai sani ba sai da ciki ya kwantar da ita. Kwana tara ta yi. Aka binne ta bayan azahar, cikin sanyi, a makabartar da a watan nan ba ta rasa sabon rami.

Mutane suka zo gaisuwa, suna ce masa ya haƙuri, yana cewa da godiya. Namiji ba ya kuka don mace a gaban jama'a, kuma bai yi ba. Ba a yi arba'in ba wata gwaggonsa ta fara lissafa masa zawarawan unguwa. Duk wannan ya daure. Abin da ya tsorata shi daban ne. Wata biyu da rasuwarta, yana zaune, ya nemi fuskarta a zuciyarsa ya ji tana zame masa. Ya san tana da tsaga a kumatu, ya san akwai wushirya, amma in ya haɗa su sai su ƙi zama ita. Abu ɗaya ne ya tsaya daram, shi ne bayanta in ta fita zaure da ƙwarya a ka. Ya ji tsoron in ya yi sake wannan ma zai bi sauran, ya wayi gari ba shi da komai nata sai suna.

Ya buɗe gwangwanayensa ya tarar duk sun bushe sun zama dutse. Babu hanyar Kano, babu fenti. Lokacin kuwa ɗorawa ta nuna, yara sun lashe garin sun watsar da ɓawon a kowane lungu. Shekara ya tsaya yana kallon tarin ɓawon nan, ya yi tsaki irin na ubansa, ya kwashe shi. Ya jawo tsohon tulun da ya tsana tun yana yaro, ya jiƙa ɓawon da ruwan wanke-wanken da ake zubarwa. Ran na uku wari ya kai zaure. Isufu ya ɗaga hanci, bai tambayi me za a yi da makubar ba.

Ya ce, "Ba ta yi ba tukuna. Ƙara mata kwana biyu."

Bangon gidansu dogo ne, yana fuskantar babban titin da motocin Damagaram ke bi. A saman ƙofar zaure akwai dagin da Isufu ya yi tun Shekara bai yi wayo ba, ko ɓalli bai yi ba. Daga gefen ƙofar nan Shekara ya fara, da burushinsa na Kano da makubar ubansa. Ya zana rumbu a karkace, bakinsa a buɗe. Ya zana mata tara a jere, duk sun ba da baya, suna tafiya suna ƙanƙancewa har ta ƙarshe ba ta fi tafin hannu ba. Ta kusa da ƙofa kuwa ya yi ta da tsawon mutum, ƙwarya a ka, hannu ɗaya a baya, gefen zani ya sauka. Ya kewaye su duka da ƙulle-ƙullen da ya ɗauka ya manta, ashe suna nan a hannunsa tun lokacin cuɗa laka. Shi da ba ya barin mota ta fita gareji ba karin magana a goshinta, wannan karon ko harafi ɗaya bai rubuta ba.

Kwana uku ya yi yana aikin, kuma tun bai gama ba mutane suka fara tsayawa. Mata masu dawowa daga daji suka sauke ƙorai suna nuna wa juna, wannan ce wance, waccan ce wance. Da suka zo kan ta kusa da ƙofa babu wadda ta faɗi suna, sai dai wata ta ja gyale ta rufe baki. Direbobi suka riƙa rage gudu. Malamin unguwa ya zo da niyyar yin wa'azi a kan zana mai rai, ya duba ya duba bai ga fuska ko ɗaya ba, ya daɗe a tsaye, ya ce Allah ya ji ƙan musulmi, ya wuce. Shi kuwa Shekara kullum da safe sai ya fito ya tsaya gaban bangon kafin ya yi komai. Nan ne kaɗai take yanzu, kuma ya san haka.

Bango ya yi wata guda da 'yan kwanaki sai ga Gambo. Gambo abokin Shekara ne tun makarantar allo, amma shi ya yi lakwal, wato boko, ya zama ma'aikaci, ana ce masa Mushe Gambo, Malam Gambo ke nan a bakin 'yan boko. A 'yan kwanakin an sa shi cikin kwamitin tarbar wani babban soja da zai zo rangadi daga Yamai don ya ga rabon hatsin agaji. Ya shiga zaure ya durƙusa ya gaida Isufu, ya tambayi jiki, ya yi ta jan gaisuwa kamar mai tsoron isa inda za shi. Daga bisani ya juyo.

"Abokina, aike ne ya kawo ni, ba son raina ba. An ce duk bangon da ke bakin titi a shafa masa farar ƙasa kafin Alhamis. Naka kuwa shugaban kwamiti ya gan shi da idonsa. Ya ce tonon asirin gari ne a gaban baƙo."

Shekara ya ce, "Baƙon ba yunwar ya zo gani ba? To ga ta nan, na rage masa wahala."

"Kai dai ka san yadda abin yake. Yana so ya ga ana rabo, ba ya so a nuna masa da yatsa." Gambo ya rage murya. "Kamyo biyu za a sauke, manyan motocin nan cike da hatsi. Ba a ce za a hana unguwarku ba, ba wanda zai faɗi haka. Amma an ce unguwar da ba ta ba da haɗin kai ba sai ta jira zuwa na gaba. Na gaba kuwa ni ban san ranarsa ba."

"Ba zan shafe ba."

"Shekara, gida nawa ne a unguwar nan? Naka yaran fa?"

Shekara ya san gida nawa ne, ya san waɗanda suka kwana biyu ba su ɗora tukunya ba. Gambo ya ga ya samu hanya, ya ƙara da cewa shugaban ma ya fi son a kankare zanen gaba ɗaya, a sa fartanya a ɗaye shi, don kada a bar alama.

Nan Isufu ya yi magana, kuma sai da su biyun suka waiga, don ba su zaci zai sa baki ba.

"Ba a kankare mini bango ga damina tafe. Ka ɗaye masa fata, ruwan farko ya kwantar da shi a kan titinku. A shafa farar ƙasa, ta isa." Ya dubi ɗansa. "Kai za ka shafe, da hannunka. Ka jiƙa bangon tukuna, ya sha ruwa sosai, sau biyu. Sannan ka shafa."

Gambo ya yi godiya har da riƙe hannun tsohon, ya fita da sauri kafin a sake shawara. Shekara kuwa ji ya yi kamar an mare shi. Bai taɓa ɗaga wa ubansa murya ba sai ran nan.

"Baba, bangonka ka ke ji? Mutum ce a jikin bangon nan! Shekara goma sha biyu tana yi maka hidima, abin da ya dame ka kada laka ta zube? Har da koya mini yadda farar ƙasa za ta kama da kyau?"

Isufu ya gyara zama bisa buzunsa ya ce, "Sau biyu na ce. Kada ka yi ƙwauron ruwa."

Ran Laraba da sassafe Shekara ya tafi rijiya. Guga goma sha ɗaya ya ja, kowanne rabinsa laka, igiya ta ɗaye masa tafin hannu. Mata a bakin rijiya suna kallon mai ɗiban ruwa don ya ba bango a shekarar da mutum ke auna na sha, amma suka ba shi wuri, don labari ya riga ya zaga. Ya jiƙa bangon, ya jira ya tsotse, ya sake jiƙawa. Ya yi haka ne don uba ya ce, ba don ya ga amfaninsa ba, yana yi zuciyarsa tana tafasa. Sannan ya dama farar ƙasar da kwamiti ya aiko. Ya faro daga can nesa, daga ƙaramar nan mai kamar tafin hannu, yana tahowa yana shafe su ɗaya bayan ɗaya. Ya shafe rumbu. Ya shafe ƙulle-ƙulle. Kafin azahar saura ita kaɗai a farin bango, kamar ta fito ta tarar duk abokan tafiya sun wuce.

Ya daɗe tsaye da burushi yana ɗiga. Ran da aka binne ta mutane ne suka tura ƙasa, shi yana gefe ana riƙe da shi da addu'a. Yau babu mai taya shi. Ya fara daga ƙafa ya yi sama, ya shafe zanin, ya shafe hannun da ke baya, ya bar ƙwaryar a ƙarshe, ita ma ya shafe. Baƙin cikin da ya ji a lokacin ya fi na ran jana'iza, don wannan karon da hannunsa ya yi.

Ran Alhamis aka jera 'yan lakwal a bakin titi tun hantsi, rana tana dukansu. Wajen la'asar motoci suka zo suka wuce, ba su daɗe a gaban gidan ba kamar yadda mutum zai sha ruwa ya ajiye moɗa. Babu wanda ya ko waiga ya dubi bango, fari ne ko baƙi. Amma hatsin ya sauka, jar dawa ce ta ƙasar waje mai taurin tsiya, unguwa ta samu rabonta. Shekara ya ga hayaƙi yana tashi a gidajen da suka kwana biyu babu shi, ya ga 'ya'yansa suna suɗe kwano. Bai yi da-na-sani ba. Sai dai ya daina fita ta gaban bangon, in za shi wani wuri sai ya sunkuyar da kai ya bi ta lungu. Tsakaninsa da ubansa kuwa sai gaisuwar safe da ta yamma, ita ma a taƙaice. Ya ƙudura a ransa da an buɗe iyaka zai kwashi yaransa ya koma Kano, kada ya sake ganin laka.

Isufu bai nemi sulhu ba. Abin da aka lura da shi kawai, da bazara ta yi nisa, iska ta fara ɗauko danshi daga kudu, sai ya riƙa jan buzunsa zuwa bakin ƙofa yana leƙen sama.

Ruwan farko ya sauka ran wata Talata da yamma, ruwa na gaske, irin wanda aka shekara biyu ba a gani ba. Yara suka fita tsirara suna ihu, tsofaffi suna ta hamdala. Washegari gari ya waye kowa yana neman iri, mai ɗan tiya ɗaya da ya ɓoye a ƙarƙashin gado ya fito da ita. Shekara ya saɓa sungumi ya ratsa zaure, sai ya ga buzu babu kowa. Ya fito ya tarar da ubansa a waje, dogare da sanda a tsakiyar taɓo, mutumin da ya yi wata da watanni bai taka bakin titi ba. Yana tsaye yana fuskantar bango.

Shekara ya bi idonsa. Farar ƙasar ta jiƙe ta fara shan iska, kuma daga ƙarƙashinta wani ja-ja yana tasowa. Ƙwaryar ce ta fi fitowa. Ga hannun dama riƙe da bakinta, ga na hagu a baya, ga gefen zani. Can gaba sauran matan takwas suna biye, dishi-dishi, ga bakin rumbu. Ba ta yi duhu kamar da ba, amma duk wanda ya san ta ba zai tambaya ba.

Sungumin ya zame daga kafaɗarsa. Da ƙyar ya ce, "Baba, ka san haka za a yi?"

"Makuba ce. Farar ƙasa ba ta danne ta. In ka jiƙa bango kafin shafi ka tashe ta ke nan, sai ta zauna tana jiran ruwa. Da ka tsaya ka koyi aikin gidanku, da ba ka yi wata biyu kana kumbura mini fuska ba."

"To me ya hana ka gaya mini?"

"A gaban Gambo? Ko bayan ya fita, kai da cikinka ba ya riƙe magana? Da ka sani da ka yi shafin nan kana murmushi, duk titi su gane, a zo da fartanya."

"In sun dawo suka ce a sake shafewa fa?"

"Sai ka shafe. Ka dai jiƙa tukuna."

Masu tafiya gona sun fara wucewa, wasu suna rage tafiya. Isufu bai kula su ba. Ya matsa kusa da bangon da ɗingishi, ya daɗe yana kallo, sannan ya yi magana a hankali, ba ya duban ɗansa.

"Shekara goma sha biyu yarinyar nan tana kawo mini tuwo, ban taɓa ganin fuskarta sosai ba. Kullum kai a sunkuye, a kauce. Sai in ta miƙe za ta fita nake ɗaga ido. Haka na san ta, kamar yadda ka yi ta ɗin nan. Kana tsammani kai kaɗai ke fitowa kallo? Ni daga buzuna nake jin ta a bayan bango." Ya ɗaga murɗaɗɗen yatsansa ya nuna ƙasan zanin. "Amma nan ka yi kuskure. Gefen nan ya fi haka sauka."

Shekara ya durƙusa a cikin taɓo, a bakin titi, ya yi kukan da bai yi ba ran da aka binne ta. Maza masu wucewa da sungumi suka riƙa kau da kai. Tsohon bai ce masa ya yi haƙuri ba. Ya tsaya dogare da sandarsa har kukan ya lafa, sannan ya ce akwai sauran makuba a tulu, ya rufe ta da kasko tun ran nan don kada ta bushe. In an dawo daga shuka a gyara mata zanin.